Allurar Gwiwar Surukata

Tun da na dawo daga Jos abokan aikina a Tiga ba su bar ni na huta ba. Wannan ya tare ni a bakin masallaci, wancan a ƙofar ofis, tambayar dai ɗaya ce: wai da gaske ni kaɗai na yi tafiyar kwana huɗu da surukata? Kuma da gaske akwai allurar da ake ajiyewa a cikin gwiwa ta yi watanni tana aiki? In na fara ba da labari sai dariya ta katse ni, gobe kuma a sake tambaya. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Sunana Habu, aikina duba ma'aunin ruwa a dam. Matata Hajara Bafulatana ce, rugarsu tana bayan Burumburum. Mahaifiyarta muna kiranta Inna. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarta, ban taɓa haɗa ido da ita ba. In na je gaisuwa daga nesa nake durƙusawa, ta amsa tana kallon wani wuri. Ita kuwa ba ta kirana da komai sai "mutumin Tiga".

Shekara uku gwiwarta ta hagu tana damunta. An yi tsaga, an yi ƙaho, an sha ƙwayoyin kemis har suka ƙona mata ciki. Ta kai ba ta iya tsugunawa tatsa, salla ma a zaune take yi. Da kaka ta yi, ɗanta Buba ya ce bana in za su gangara kudu da shanu ba za a tafi da ita ba, sai dai ta zauna a gidana har damina. Saƙon da ta aiko shi ne, muddin tana numfashi ba za ta ci tuwon gidan suruki ba, gara a bar ta a gindin bishiya. Hajara ta yini tana kuka, don ta san uwarta ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Bitrus, makanikenmu, mutumin Filato, shi ya ba ni labarin wani asibitin mishan a wani ƙauye bayan Jos. Ya ce an yi wa uwarsa allura a can, cikin gwiwar ake sa ta, ba a ɗuwawu ba, ta kwanta a ciki tana sakin magani kaɗan-kaɗan. Ya rubuta mini takarda zuwa ga gwaggonsa da ke kusa da asibitin. Saura wa zai kai Inna. Buba ba zai bar shanu ba, amfanin gona yana tsaye, kuma ba ya jin Turanci. Hajara kwananta goma da haihuwa. Aka duba aka duba, ba kowa sai ni.

A tashar Tudun Wada muka haɗu, Buba ya kawo ta da sandarta da wata ƙwarya a ɗaure cikin tsumma. Na riga na kama mata kujerar gaba a fijo don ta miƙe ƙafa. Ta tsaya ta ƙi shiga. Ni ba na iya tambayarta dalili, ita ba ta iya gaya mini, direba yana ta danna ham. Wata 'yar kasuwa da za ta sarin dankalin Turawa, Hajiya Tabawa, ta dube mu ta gane.

Ta ce, "Ɗan nan, surukarka ce ko?"

Na ce, "Ita ce, Hajiya."

Ta raɗa wa Inna magana, Inna ta raɗa mata, sannan ta juyo ta ce, "Ta ce ba za ta zauna a gaba kana bayanta kana kallon ƙeyarta ba."

Haka na hau kujerar gaba kamar wani babban mutum, mai ciwon ƙafa kuma ta naɗe a can baya tsakanin buhuna. Daga nan Hajiya Tabawa ta zama bakinmu. In na ce, "Hajiya, a tambaye ta ko ƙafar na damunta," sai amsa ta dawo, "Ta ce da sauƙi." Mota ta faɗa rami a dajin Falgore har kaina ya bugi rufi, amsar dai ita ce da sauƙi.

Bayan mun wuce Doguwa, dab da fita daga jihar Kano, muka tarar da shingen sojoji. Aka ce kowa ya sauka da kayansa. Wani dogon soja ya nuna ƙwaryar Inna da bakin bindiga ya ce a kwance. Ni kuwa ban san abin da ke ciki ba. Inna ta ɗaga kai ta yi masa wata magana da Fulatanci. Sai na ga sojan nan ya rataya bindiga ya rusuna. Suka shiga hira, matar da tun safe ban ji muryarta ba ta yi ta zuba. Can ta nuna ni da haɓa, sojan ya dube ni daga sama har ƙasa, ya fashe da dariya, ya daki kafaɗata ya ce mu wuce. Shekarun nan duka ban iya Fulatanci ba sai gaisuwa. Na tambayi Hajiya Tabawa, ta ce ita ma ba ta ji. Har yau ban san ko yabona aka yi ko akasin haka ba. Ƙwaryar dai man shanu ne a ciki, tsarabar da za ta kai wa likita.

A Saminaka aka tsaya cin abinci. Na saya wa Inna shinkafa na ba Hajiya ta miƙa mata, ni kuma na zagaya bayan wata babbar mota don kada ta gan ni ina tauna. Da na fito babu fijo babu alamarta. Na yi gudu har bakin gada da cokali a hannu, ina tunanin abin da zan gaya wa Buba. Ashe mai suka je sha. Da suka dawo Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "Ta ce ka mayar wa mutane da cokalinsu."

A tashar Jos Hajiya Tabawa ta yi mana sallama. Na ji kamar in riƙe mayafinta. Daga nan har ƙauyen asibitin, a bayan akori-kura, ni da Inna ba wanda ya ce uffan.

Gwaggon Bitrus, Mama Saratu, gajeriyar mace ce mai fara'a. Ta karanta takarda, ta tafa hannu ta ce, "Sannu, sannu! Ka shigo, ka zauna, ka gaji." Na shige na zauna a kujerar da ta nuna. Ta dube ni ta ce, "Ba kai ba, shi," tana nuna Inna. A can Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne, kowa "shi" ne. Kwana uku ina tashi in an kira Inna, ina zama in an kira ni.

Abubuwa da yawa sun ba ni mamaki a gidan. Babu zaure, daga waje sai falo. Kare yana kwance a ƙarƙashin tebur kamar ɗan gida. Mijin 'yar Mama Saratu ya shigo, ya zauna kusa da ita, ya sa hannu a kwanonta yana tsokanarta wai ta cika gishiri. Na saci kallon Inna, na ga ta rufe baki da gefen zane. Aka kawo mana gwaten acca a kwano ɗaya da cokali biyu, aka kuma nuna mana ɗaki ɗaya, don sun ɗauka uwa da ɗa ne. Na ja Mama Saratu gefe na yi mata bayani. Ta ce, "To ai uwar matarka uwarka ne. Kun yi faɗa ne?" Na ce ba mu yi ba. Ta ce, "To me ya sa ba ka magana da shi?" Ta dai raba mana kwano, ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakin ajiyar dankali. Sanyin garin kuwa, ruwan alwala kamar ana yanka mutum da reza.

Da safe muka je yankar kati. Akawu ya ɗaga biro ya ce, "Sunan mara lafiya?" Nan na tsaya. Wallahi ban san sunanta ba. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabana, ni kuma ina zan tambaya? Na ce, "Inna." Ya ce, "Inna wa?" Na ce, "Daga Burumburum muke." Ya rubuta abin da ya rubuta, ya ce mu zauna a benci.

Muka zauna, ita a wancan ƙarshe ni a wannan. Can wani ma'aikaci ya fito ya ɗaga murya, "Ina Burum? Ina Burum?" Na ce a raina, ko wane ne Burum ɗin nan ya yi sake. Ya sake fitowa har sau uku. Na ma taya shi dubawa, na tambayi na kusa da ni ko shi ne Burum. Sai bayan azahar, benci ya watse saura mu biyu, mutumin ya karɓi katinmu ya duba ya riƙe baki. "Inna Burum" akawu ya rubuta, tun safe mu ake kira.

Likitan wani dattijon Bature ne, bai daɗe da zuwa ba, ba ya jin Hausa, Turancinsa kuma ta hanci yake fita. Abin da na koya a makarantar Bebeji rabi yake kamawa. Ya ce in tambaye ta wace ƙafa ce. Na dubi ƙasa na ce, "Wai wace ƙafa ce?" Inna ta dubi taga ta ce, "Da sauƙi." Na fassara. Likita ya ce to me ya kawo mu? Ya sunkuya zai ɗaga zanenta ya ga gwiwar, ni kuwa na yi maza na juya na fuskanci bango. Haka na ci gaba da tafinta, hancina kusan yana taɓa kalanda. Ya tambaye ni ko jini nake tsoro. Na ce e, don ya fi sauƙin bayani.

Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce mu dawo gobe. Washegari ya kafa hoton a jikin fitila ya ce in matso in gani. Na tsaya ina shawara da zuciyata, shin kallon ƙashin suruka yana cikin abin da aka hana ko ba ya ciki? Na kalla da ido ɗaya. Ya nuna inda ƙasusuwa biyu suka haɗu, ya ce guringuntsin da ke tsakaninsu ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi. Ya ɗauko wata 'yar kwalba ya girgiza, abin ciki fari kamar madara. Ya ce ba ruwa ne zalla ba, wasu 'yan ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, za su kwanta a cikin gaɓar suna narkewa sannu a hankali, suna kwantar da kumburi. Ya ƙara wata doguwar magana da sauri, ni dai ina ta gyaɗa kai.

Na ga wannan ai aikina ne. Na fuskanci bango na ce, "Wai kamar dam ɗinmu ne. Za a tara maganin a ciki, a datse, a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan."

Lokacin wata nas ta shigo da tire, sunanta Rifkatu, ta girma a Zariya, Hausarta tas. Inna ta samu wadda za ta yi wa magana. Ta ce, "'Yar nan, ruwa ne ya yi mini yawa a ƙafar nan. Shi kuma mutumin Tiga ya ce za a datse mini wani a ciki?"

Rifkatu ta yi dariya ta ce, "A'a, Inna. Wancan ruwan za a fara zuƙe shi a zubar. Kin san kanwar da kuke ajiye wa shanu? Ba rana ɗaya suke cinye ta ba, kullum lasa suke yi har ta ƙare. Haka gwiwarki za ta riƙa lasar wannan."

Inna ta ce, "Dare da rana take lasa?"

"Dare da rana."

"To ni ina azumin Litinin da Alhamis. In ƙafata tana ci da rana, ina azumina?"

Rifkatu ta dube ni, na dubi bango. Likita ya tambayi abin da ake ciki, na gaya masa, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Inna ta ce ba za a taɓa ta ba sai an tambayo. Na fita da sauri har kasuwar ƙauyen, inda mahauta suke da ɗan masallaci. Na samu limaminsu na yi masa bayani. Ya ce abin da bai bi ta maƙogwaro ba, kuma ba abinci ba ne, ba ya karya azumi. Wani mahauci ya ce amma ai an ce lasa take yi. Liman ya ce gwiwa tana da harshe ne? Na bar su suna musu na koma da amsar liman. Inna ta sa Rifkatu ta tambaye ni ko limamin yana da furfura. Na ce yana da ita. Ta ce to a yi.

Rifkatu ta ce in jira a waje. Na zauna a benci na fi awa. Allurar da aka ce ta minti kaɗan ce, me ya tsayar da su? Ina jin muryar likita, sai ta Rifkatu, sai ta Inna, ƙasa-ƙasa. Da aka buɗe ƙofa Inna ta fito da bandeji, babu ƙwarya a hannunta, fuskarta ba ta nuna komai. Rifkatu ta nuna mini ruwan da aka zuƙe, rawaya kamar man gyaɗa. Ta ce Inna ta huta kwana biyu, kuma ba allurar da ake yawan maimaitawa ba ce, in an matsa tana ƙara cin gaɓar. Na ce, "Amma ta warke ke nan?" Aka kira ta daga wani ɗaki, ta tafi ba ta ba ni amsa ba.

A hanyar dawowa ƙafar ta fi da zafi. Wannan karon ko "da sauƙi" ba a ce ba, sai gumi da yake keto mata. A Tudun Wada sai da mutum biyu suka sauko da ita. Buba ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya ce, "Sannu da ƙoƙari," da irin muryar da gara a zage ka. Na koma Tiga na kasa cin abinci. Na samu Bitrus, ya ce af, ya manta bai gaya mini ba, uwarsa ma sai da ta yi kwana biyu tana zaginsa.

Ranar kasuwa Buba ya zo da kansa a keke. Ya ce shekaranjiya da asuba ya fito ya tarar da Inna a tsugune tana tatsa. Bayan mako biyu suka gangara kudu, tana gaba da sandarta. Hajara ta yi guɗa, ni kuma na shiga gari ina gaya wa kowa an warkar da surukata a Jos. Har mutum uku na rubuta wa kwatancen hanya.

Da ruwan farko ya sauka, wata ranar Talata na dawo daga aiki na tarar da takarkari a ƙofar gidana, an ɗora masa ƙore da tabarmi da tukunya. Buba yana riƙe da igiya. Inna tana zaune a dakali, ƙafar a miƙe, gwiwar ta koma yadda take, ko ma ta fi. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Na ce wa Hajara, "Ki gaya mata zan nemi hutu, jibi mu koma Jos."

Inna ta dubi 'yarta ta ce, "Ki ce masa ba inda za a koma. Yarinyar nan ta asibiti ta gaya mini komai tun a can, ba ta ɓoye ba. Ƙashi ya riga ya ci ƙashi. Allurar aron ƙafa ce, ba warkewa ba. Likita ya ce in na zauna na lallaɓa ta za ta ɗan daɗe, in na bi shanu za ta ƙare da wuri. Na ce na ji."

Hajara ta ce, "Inna, kin sani kika tafi?"

"Na sani. Yayata tana can kudu, shekara shida ban gan ta ba, idonta ya tafi. Na je na kwana a ɗakinta, mun yafi juna. Na ga kabarin ubanku. Na bi kowane mashayi da na sani tun ina yarinya. Da ƙafar ta fara ciwo, na hau takarkari, ban gaya wa kowa ba sai da Buba ya lura."

Ni dai ina durƙushe. Ashe doguwar maganar da likita ya yi ina gyaɗa kai ke nan. Ni da na je tafinta, ni kaɗai na dawo ban san abin da aka yi ba.

Na ce, "Hajara, ki ba ta haƙuri. Na ɗauka magani na kai ta."

Inna ta gyara mayafi. Ta ce, "Ki ce masa kwana saba'in da huɗu na yi ina tafiya da ƙafata, na ƙirga su. Ki ce na gode. Ya sauke mini kayan nan a hankali, akwai ƙwaryar uwata a ciki."

Na tashi na kama igiya na fara kwancewa.